Me ya sa mura ke kwantar da wani jariri a asibiti, ta bar wani a gida?

Da wuya yaro ya cika shekara biyu a duniya bai haɗu da bairos ɗin da ake kira RSV ba. Ko a ƙasar ƙanƙara aka haife shi ko a ƙasar zafi, ko gidan wadata ko gidan rashi, ƙwayar kan mai uwa da wabi take yi. Ga yawancin yara abin bai wuce mura ba: yoyon hanci, ɗan tari, ɗumin jiki na kwana biyu, sai a warware. Amma a Amurka, inda ake ajiye alƙaluman abin da kyau, biyu zuwa uku cikin kowane jarirai ɗari sai an ba su gado kafin su cika shekara, saboda murar ta gangara musu daga hanci zuwa can ƙasan huhu ta kumbura 'yan bututun iska mafi ƙanƙanta. Wannan lalura ce likitoci ke kira burankiyolaitis, kuma ita ce kan gaba wajen kwantar da jarirai a ƙasashe da dama. Tunda kusan kowa zai kamu, tambayar wa ke cikin haɗarin kamuwa ba ta kai mu ko'ina. Tambayoyi masu amfani su ne wa za a kwantar, wa abin zai tsananta masa bayan an kwantar da shi, wace ƙwaya ce ta kawo shi, wa kuma zai kwashi wata sabuwa a kan gadon asibitin. Sau da yawa ana tattara amsoshin waɗannan tambayoyi a zuba su jeri guda, kuma daga nan ruɗani ke farawa.

Abin da ke faruwa a cikin huhun ba shi da wuyar ganewa. Bairos ɗin yana shiga ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe cikin bututun iska, ya hayayyafa a ciki, ya kashe su. Matattun su saɓule su cakuɗe da majina, bangon bututun kuma ya kumbura, hanya ta ƙuntata. Idan jariri ya ja numfashi bututun kan ɗan buɗe iska ta shiga, idan zai fitar sai ya matse, iskar ta maƙale a ciki. Wani sashe na huhun ya cika fam da iskar da ta ƙi fita, wani sashen ya toshe gaba ɗaya ya motse. Shi ya sa likita ke jin fito da ƙaras-ƙaras idan ya ɗora abin awo a ƙirjin yaron. A jikin birai nau'in cimfanzi aka fara gano RSV a 1956, shekara guda bayan haka Robert Chanock ya same shi a jikin yara marasa lafiya a birnin Baltimore, kuma har yau ba a da wani maganin kashe shi da ake ba jarirai a matsayin abin yau da kullum.

Babban abin haɗari, wanda ya shafe duk sauran, shi ne ƙarancin kwanaki. Dalilin kuwa lissafi ne kafin ya zama na likitanci. Tun a ƙarni na 19 wani likitan Faransa mai suna Poiseuille ya nuna cewa idan faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar tura abu ta cikinsa tana ninkawa sau 16. Misalin da ake koya wa ɗaliban likitanci shi ne na babbar hanyar iska. Ta jariri faɗinta kamar milimita 4 ne, saboda haka kumburin milimita 1 a kewaye zai bar milimita 2 kacal, wahala ta ninka sau 16 ke nan. Irin wannan kumburi a bututu mai faɗin milimita 8 zai bar 6, wahalar ba za ta wuce ninki uku da ɗoriya ba. To 'yan bututun da wannan cuta ke kamawa sun fi haka sirantaka nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, ƙashin haƙarƙarin jariri bai yi ƙwari ba, idan ya ja numfashi da ƙarfi sai ƙirjin ya lotsa ciki maimakon ya buɗe. Naman da ke ja masa numfashi yana saurin gajiya. 'Yan ƙofofin da ke haɗa jakunkunan iska na huhu da junansu, waɗanda babba ke samun hanyar zagaye ta cikinsu idan wani bututu ya toshe, ba su gama buɗewa ba tukuna.

A bakin nono ake fara ganin abin. Jariri ɗan wata guda ta hanci yake yawancin numfashinsa, kuma tsotso yana buƙatar ya jera abu uku a kan tsari: ya tsotsa, ya haɗiye, ya numfasa. Idan hanci ya toshe, numfashi kuma ya haura 60 a minti ɗaya, babu tazarar haɗiya. Sai ya kama nono da zafin yunwa, ya ja sau biyu ko uku, ya saki yana haki, ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa, ya yi kuka, ya sake kamawa, ya sake saki, daga baya ya gaji ya yi barci bai ƙoshi ba. Uwa za ta lura nafkin ya daɗe a bushe. Jarirai da yawa ba don ƙarancin oksijin ake kwantar da su ba, don sun kasa shan nono ne, sai a sa musu roba ta hanci zuwa ciki ko a yi musu ƙarin ruwa. Ƙa'idojin hukumar NICE ta Birtaniya sun sa awo a kan wannan: idan abin da yaro ke sha ya koma rabi zuwa kashi 75 cikin ɗari na yadda ya saba, a duba yiwuwar kai shi asibiti, idan numfashi ya wuce 70 a minti to ciwon ya yi tsanani, kuma iyaye su ɗauki awa 12 babu fitsari a matsayin alamar gaggawa.

Akwai abin da ya fi wannan ban tsoro a wajen 'yan makonni, musamman bakwaini, wato ɗaukewar numfashi. Yaro zai tsaya cak na wasu daƙiƙoƙi, leɓensa ya canza launi, wani lokaci ma tun tari bai kankama ba. Sannan cutar tana da nata jadawalin: ta fi tsananta tsakanin kwana na uku da na biyar. Don haka likitan da ya san aikinsa zai tambayi yaushe murar ta fara, domin ɗan mako uku da aka kawo a kwana na biyu yana ɗan haki, abin da ke gabansa ya fi wanda ya wuce, ɗan wata tara da aka kawo a kwana na shida da irin wannan hakin kuwa ya riga ya haye tudun. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2014, ta sa iyakar haɗarin a ƙasa da mako 12, NICE kuma ta ce ƙasa da wata uku.

Garkuwar da jariri ke zuwa da ita duniya aro ce daga mahaifiyarsa. Sinadaran garkuwar jikinta suna tsallakawa ta mabiyiya zuwa jininsa, kuma mafi yawan wannan tsallakawa a watanni ukun ƙarshe na ciki take faruwa, ta fi ƙarfi a makonnin ƙarshe. Wanda aka haifa a mako na 30 ya fito kafin a gama ba shi rabonsa, ga huhu bai nuna ba, ga bututu ya fi na kowa sirantaka, abu uku sun haɗe masa. Shi ya sa NICE ta ware waɗanda aka haifa kafin mako 32. Cutar HIV a jikin uwa ma tana rage abin da ke tsallakawa, kuma bincike a Afirka ta Kudu ya nuna jariran irin waɗannan iyaye sun fi shan wahalar RSV ko da su kansu ba su ɗauki HIV ɗin ba. Garkuwar aron kuma ba ta daɗewa, kusan kowane wata rabinta ke tafiya. Daga nan watan haihuwa ke shigowa cikin lissafi. RSV yana da lokacinsa, sanyin hunturu a Turai da Arewacin Amurka, lokacin ruwan sama a wurare da yawa na yankin zafi. Jaririn da aka haifa dab da shigowar lokacin zai gamu da ƙwayar yana ɗan makonni. Wanda aka haifa bayan ta wuce zai gamu da ita yana ɗan wata takwas ko tara, ƙirji ya yi faɗi.

Sauran lalurorin da ke jerin sanannu ne, kuma kowace dalilinta a fili yake. Ciwon huhu na dindindin da ke bin bakwainin da ya daɗe a kan na'urar numfashi, ciwon zuciya na haihuwa mai dagula gudun jini zuwa huhu, raunin garkuwar jiki, cututtukan jijiya da tsoka da ke hana yaro tari mai ƙarfi, lalurar Down, tamowa. Waɗannan yara su suka fi daɗewa a gado, su suka fi shiga sashen kulawa ta musamman, a cikinsu kuma aka fi samun rasuwa a asibitocin da ke da kayan aiki. Maza sun ɗan fi mata yawa a ɗakin, ana danganta hakan da cewa bututunsu ya fi ƙunci idan aka gwada da girman huhunsu.

Sai dai wanda ya haddace wannan jeri ya shiga ɗakin kwanciyar yara a lokacin RSV zai sha mamaki, ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Binciken da Caroline Hall da abokan aikinta suka yi a Amurka ya nuna kusan huɗu cikin biyar na ƙananan yaran da aka kwantar da RSV lafiyarsu ƙalau kafin ciwon, ba su da ko ɗaya daga cikin waɗancan lalurori. Babu saɓani tsakanin wannan da abin da ya gabata. Bakwaini ɗaya ya fi cikakken jariri ɗaya haɗari sau da yawa, amma cikakkun sun ninninka bakwaini yawa, don haka ƙaramin haɗarin jama'a mai yawa ya fi babban haɗarin 'yan tsiraru cika gadaje. Masanin lafiyar al'umma na Ingila Geoffrey Rose ya bayyana wannan tun a shekarun 1980, yana magana ne a kan ciwon zuciya, amma ya dace da wannan cuta daram. A ganina shi ne darasin da aka fi jinkirin ɗauka. Daga 1998, lokacin da aka amince da allurar palivizumab, kusan shekara 25 aka yi ana kare masu babban haɗari kawai, da allura duk wata har sau biyar a lokacin cutar, mai tsadar gaske. Ta taimaki waɗanda aka yi wa, amma cunkoson ɗakin yara bai ragu ba, domin ba su ne suka cika shi ba.

Idan aka bar jikin jariri aka koma gidan da yake kwana, abin da ya fi fitowa a kusan kowane bincike shi ne yayye. A Kilifi ta ƙasar Kenya masu bincike sun bi gidaje arba'in da ɗoriya masu jarirai tsawon lokacin RSV guda, suna ɗibar majinar kowa da ke gidan duk bayan kwana uku ko huɗu, da mai mura da marar mura. Da aka bi sawun ƙwayar sai aka ga akasari manyan yara ne, musamman 'yan makaranta, ke shigo da ita su miƙa wa jariri. Ɗan shekara biyar da ya dawo yana jan majina, ya ruga ya sumbaci ƙanwarsa, ya sa mata yatsa a tafin hannu don ta riƙe, ba ya jin wani ciwo, domin a wajensa karo na uku ko na huɗu ke nan da ƙwayar. RSV ba ya barin garkuwa mai ɗorewa, mutum zai yi ta kamuwa har tsufa, sai dai karon farko ya fi kowane zafi. Cunkoso a ɗakin kwana da kai jariri gidan raino da wuri duk aiki ɗaya suke yi: suna matso da ranar haɗuwar farko kusa, suna kuma ƙara yawan ƙwayar da zai shaƙa.

Hayaƙin taba ta fuska biyu yake ɓarna. Wanda uwa ta sha tana da ciki yana tauye girman huhun ɗan tayi, wanda ake busawa a ɗaki bayan haihuwa kuma yana kashe ƙarfin 'yan gashin da ke share majina daga bututun iska. Hayaƙin itace da gawayi a ɗakin da babu mafitar iska an tabbatar yana ƙara ciwon huhu a yara gaba ɗaya. Shayarwa kuwa kariya ce. Ƙa'idojin 2014 na likitocin yaran Amurka sun kawo wani nazari da ya nuna raguwar kwanciya saboda ciwon numfashi da kashi 72 cikin ɗari ga jariran da suka sha nono zalla na wata huɗu ko fiye. Ni dai ina ɗaukar irin wannan adadi da taka-tsantsan, domin uwar da ta samu halin shayarwa wata huɗu ba ta bar yaro a gidan raino ba, wataƙila ba ta shan taba, wataƙila yaron ma bai zo bakwaini ba, kuma raba amfanin nono daga amfanin waɗannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amfanin na nan, girmansa ne abin muhawara. Misalin da ya fi burge ni daga Alaska ya fito, inda jariran 'yan asalin yankin ke da yawan kwanciyar RSV da ya ninka na sauran Amurka. An daɗe ana raɗe-raɗin ko a jini abin yake, sai wani bincike na 2008 ya nuna ƙauyukan da ba su da famfo a cikin gida sun fi masu famfo yawan kwanciyar yara da ciwon numfashi. Ruwan da aka sha wahala kafin a ɗebo ba a yawan wanke hannu da shi.

Duk wannan magana a kan RSV ce, alhali ba shi kaɗai ke kawo burankiyolaitis ba. Wani babban bincike a asibitoci 16 na Amurka tsakanin 2007 da 2010, wanda ya haɗa yara 2,207 da aka kwantar, ya samu RSV a kashi 72 cikin ɗari, rainobairos mai kawo murar yau da gobe a kusan kashi 26, kuma kusan kashi 30 suna ɗauke da ƙwaya fiye da ɗaya. Bayan waɗannan biyun akwai metanimobairos, wanda sai a 2001 aka gano shi a Holan duk da cewa ya daɗe yana yawo a cikin mutane, da farainfuluwenza, da infuluwenza, da adinobairos, da bokabairos da aka gano a Suwidin a 2005. Idan aka raba yaran bisa ƙwayar da ta kawo su, sai a ga kamar cuta biyu ce aka sa wa suna ɗaya. Ɗan RSV ƙarami ne, a lokacin cutar yake zuwa, ƙirjinsa cike da majina, ya fi neman oksijin, ya fi daɗewa. Ɗan rainobairos ya fi girma, sau da yawa ya wuce wata shida, fito ya fi yawa a numfashinsa, ana yawan samun yana da borin fata mai ƙaiƙayi ko mahaifiyarsa na da asma, kuma yakan yi saurin samun sallama. Sai dai shi ne za a sake gani. Wani binciken da ya bi yara masu gadon alaji, wato borin jiki, a jihar Wisconsin ya nuna waɗanda rainobairos ya sa wa fito a shekaru ukun farko, yiwuwar su yi asma a shekara shida ta ninka kusan sau goma, na RSV kuwa bai kai sau uku ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne rainobairos yana tona asirin huhun da dama can yake da saurin tsukewa.

A nan dole a bi a hankali da sakamakon gwaji. Gwajin PCR, wanda ake neman ƙwayar da shi a majinar hanci, yana da kaifin da zai gano ɓurɓushin ƙwayar da ta wuce makonni da suka gabata. Binciken PERCH, wanda aka yi a ƙasashe bakwai (Bangaladash, Gambiya, Kenya, Mali, Afirka ta Kudu, Tailan da Zambiya) aka wallafa a 2019, ya yi dabarar gwada lafiyayyun yara na unguwa tare da marasa lafiyan da ke kwance da nimoniya mai tsanani. Rainobairos da bokabairos da adinobairos an same su birjik a hancin yara masu wasa da dariya, RSV kuwa da wuya a gan shi a hancin lafiyayye, kuma shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi 31 cikin ɗari na nimoniyar. Ke nan idan takarda ta dawo da sunan ƙwaya biyu, mai yiwuwa ɗaya ce ta yi aikin, ɗayar wucewa take yi aka shafa mata kashin kaji. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa bincike a kan haɗuwar ƙwayoyi biyu bai tsaya a magana ɗaya ba, wasu sun ga tana tsawaita kwanciya, musamman RSV da rainobairos tare, wasu ba su ga wani bambanci ba.

Akwai kuma tarkon da ke jiran duk mai binciken da ya taƙaita kansa ga yaran da ke kan gado. A ce an ɗauki jariran ɗaki guda aka raba su biyu, masu RSV da marasa shi, aka ga bakwaini da masu ciwon zuciya sun fi yawa a ɓangaren marasa RSV. Mai gaggawa zai ce ashe RSV bai cika taɓa su ba. Abin da ya faru daban ne. Jariri mai rauni kowace irin mura na iya kai shi gado, likita ma yakan kwantar da shi don a sa masa ido ko da ciwon bai yi nisa ba, kuma mai yiwuwa an riga an yi masa allurar kariya daga RSV. Lafiyayyen jariri kuwa sai ƙwaya mai ƙarfi irin RSV ce ke iya kayar da shi. Ƙofar asibitin ce ta tace su ta wannan siga. Joseph Berkson na asibitin Mayo ya yi gargaɗi a kan irin wannan kuskure tun 1946, amma har gobe ana ganin sa a rubuce-rubuce. Duk wanda ya karanta cewa abu kaza yana da alaƙa da ƙwaya kaza a jariran da aka kwantar, ya fara tambayar da wa aka gwada su.

Asibitin kansa wurin kamuwa ne. Caroline Hall ta nuna haka a birnin Rochester tun a shekarun 1970, inda ta ga kusan rabin jariran da aka kwantar don wani ciwo daban, suka kai mako guda ko fiye a lokacin RSV, sun kwashe shi a ɗakin. A 1981 ta wallafa wani gwaji mai sauƙi da har yanzu ake koyarwa. Ta raba masu sa kai gida uku. Na farko suka ɗauki jarirai masu RSV suka yi musu hidima, biyar cikin bakwai suka kamu. Na biyu sun shiga bayan an fitar da jaririn, suka taɓa gado da kayan ɗakin sannan suka shafa ido ko hanci, huɗu cikin goma suka kamu. Na uku sun zauna a ɗakin da tazarar kusan mita biyu daga gadon ba su taɓa komai ba, su 14, babu wanda ya kamu. Ƙwayar tana rayuwa awanni a kan ƙarfen gado da tebur, jariri kuma na iya ci gaba da fitar da ita har mako huɗu. Hannun ma'aikaciyar jinya mai 'yar mura, abin awon ƙirjin da aka ɗaga daga wannan yaro aka ɗora wa wancan, ɗan ziyara mai tari, su ne hanyar. Wanda ya fi shan kashi shi ne wanda ya fi daɗewa a kwance, kuma wanda ya fi daɗewa dama shi ne mai rauni. Yaron da ya shigo da rainobairos na iya fita da RSV. Wanke hannu, ware masu cutar a ɓangare guda da ma'aikatansu, da sallamar yaro da zarar ya iya sha kuma oksijin ɗinsa ya daidaita, sun fi duk wani abin da ke kabad ɗin magani amfani, domin antibayotik da abin shaƙa na asma da maganin kumburi na sitiroyid duk an gwada su a wannan cuta ba su tsinana komai ba, kuma ƙa'idojin Amurka da na Birtaniya sun hana ba da su haka kawai.

Annobar korona ta yi gwajin da babu mai binciken da zai samu izinin yi. Da aka rufe makarantu da iyakoki a 2020, RSV ya yi ɓatan dabo, ɗakunan da suka saba cika suka zama wayam. Da aka buɗe ya dawo ba a kan lokacinsa ba: Ostireliya ta gan shi a tsakiyar zafinta a ƙarshen 2020, Amurka a tsakiyar 2021, sannan a ƙarshen 2022 asibitocin yaranta suka cika maƙil. Yaran da aka kwantar a wannan dawowa sun fi na da shekaru, domin da yawansu sai a lokacin suka yi haɗuwar farko. Abin ya tabbatar da cewa cuɗanyar mutane ce ke juya lokacin cutar, ba sanyi ko ruwan sama kaɗai ba.

Rigakafin RSV ya yi mummunan fari. A tsakiyar shekarun 1960 an gwada wata allura a kan jarirai a Amurka, da suka haɗu da ƙwayar daga baya sai ciwon ya fi tsananta musu, kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka kamu aka kwantar, biyu suka rasu. Wannan ya sanyaya gwiwar masu bincike na gomman shekaru, har zuwa 2013 da masana a NIH, cibiyar binciken lafiya ta Amurka, suka gano siffar sinadarin da ƙwayar ke manne wa jiki da shi kafin ya sauya kama. Yanzu akwai hanya biyu. Nirsevimab allura ce guda da ke ba jariri garkuwa ta aƙalla wata biyar, Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022, Amurka a 2023. Yankin Galisiya na Sifaniya ya yi wa dukkan jarirai a 2023, ba masu rauni kaɗai ba, kuma kariyarta daga kwanciyar RSV ta haura kashi 80 cikin ɗari. Ta biyu ita ce allurar Abrysvo da ake yi wa mai ciki don ta ƙara abin da zai tsallaka ga ɗanta, wadda a gwajinta ta rage ciwo mai tsanani da kusan kashi 82 cikin ɗari a kwana 90 na farko. Amurka na yin ta tsakanin mako 32 da 36, Birtaniya daga mako 28. Inda waɗannan suka wadata, mazauna ɗakin yaran za su sauya: 'yan makonni masu RSV su ragu, kason rainobairos da metanimobairos ya ƙaru, kuma binciken abubuwan haɗari da aka yi kafin 2023 ya buƙaci sabon duba.

Ƙididdigar da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ta nuna cewa a 2019 RSV ya kwantar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar miliyan 3.6 a duniya, ya yi sanadin mutuwar kimanin 101,400, kusan rabinsu ba su kai wata shida ba, fiye da kashi 97 cikin ɗari kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Daga cikin wannan adadi 26,300 kawai suka rasu a asibiti, wato kusan uku cikin huɗu ba su kai gado ba. A Lusaka ta Zambiya, inda aka gwada gawarwakin jarirai na tsawon shekaru uku, kusan kashi biyu cikin uku na mutuwar RSV a wajen asibiti suka faru. Nisan hanya, jinkirin gane cewa hakin ya wuce na mura, da rashin oksijin a ƙaramin asibitin da aka fara zuwa ba za su taɓa bayyana a binciken da aka yi da fayil ɗin yaran da aka kwantar ba. A watan Mayun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowace ƙasa ta ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyin biyu, allurar uwa daga mako na 28 na ciki ko allurar jariri da zarar an haife shi, kuma ba ta ce a tsaya tantance masu rauni ba.